Kafin fensir, a fara ba yatsu aiki

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Daga Mancesta nake magana, ƙasar Ingila. Ku leƙa taga ku gani, ƙarfe 4 ba ta cika ba amma gari ya yi duhu, haka watan Disamba yake a nan. Yaro ba tsakar gida, ba ƙofar gida, yana ɗaki daga shi sai waya. Shi ya sa yau na baje kaya a teburin kicin: fulawa, gishiri, shinkafa, makaroni, maƙalin shanya, kwalin ƙwai da almakashi.

A can gida yaro yana samun horon yatsu ba tare da kowa ya kira shi horo ba. Ya ɓare gyaɗa, ya tsinke ganyen zogale daga jikin reshe, ya taya tsintar wake, ya gina 'yar tukunya da laka, ya yi carabke, ya mulmula lomar tuwo da kansa. Duk aikin yatsu ne. A nan kuwa gyaɗa a ɓare take zuwa, wake a tsince, ƙasa tana ƙarƙashin kwalta. Yatsa ɗaya ke aiki, wanda ake shafa fuskar waya da shi. Ga shi yaro yana shiga ajin farko na makaranta a watan Satumba bayan ya cika shekara 4, kuma tsarin karatun ƙananan yara na Ingila yana so zuwa ƙarshen wannan ajin ya riƙe fensir da yatsu uku: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Sai uwa ta tsorata, ta sayo littafin bin layi, ta ɗora wa ɗan shekara 3. Ni ban goyi bayan wannan ba. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne, kuma a ɗan shekara 3 yawancinsu guringuntsi ne tukuna, sannu a hankali suke ƙwari. Hannun da bai matsa ba, bai murɗa ba, bai tsinta ba, in an ba shi fensir dunƙule shi zai yi kamar mai riƙe muciya, kuma wannan riƙon yana da wuyar sauyawa daga baya.

To, mu fara da ƙullin wasa, shi ne uwar tafiyar. Kofin da nake awo da shi mai cin mililita 250 ne. Fulawa kofi 2, zalla, ba wadda aka haɗa da sinadarin tashi ba. Gishiri mai laushi kofi 1. Man girki cokalin cin abinci 2. Sai wannan farin garin mai tsami da ake kira kirim-of-tata, yana sashen kayan kek a Tesco ko Asda, shi ma cokali 2. In babu shi, ki matse lemun tsami cokali 2 zuwa 3 a madadinsa, sai ki rage ruwa daidai haka. Ruwa tafasasshe kofi 1 da rabi. Kalar abinci a cikin ruwan za ki ɗiga ta, kada ki bari sai kin gama kwaɓi, in ba haka ba ta yi rodi-rodi kuma hannunki ya yi kwana biyu kamar kin yi lalle.

Ki haɗa busassun kayan tukuna, ki zuba mai, sannan ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya. Yaro ya matsa nesa a wannan gaɓar. Kun ga yadda ya yi cakwal-cakwal yanzu? A nan mutane suke ɓata shi, su ga yana danƙo su yi ta antaya fulawa. Ki bar shi ya sha iska minti 5. Zafin ruwan ya dafa sitacin fulawar, yayin da yake hucewa yake haɗe jikinsa. Sai ki juye a tebur ki murza shi minti 5 cur. In har yanzu yana kama yatsa, fulawa cokali 1, ki murza, ki duba. In yana tsagewa yana ɓarɓashi, ki jiƙa tafin hannunki ki ci gaba da murzawa, kada ki zuba ruwa kai tsaye. In kin ji tsakuwa-tsakuwa, gishirinki mai manyan ƙwayoyi ne, gobe ki narkar da shi a ruwan zafin tun farko. Wanda aka manta a fili ya kwana, za ki ga farin abu ya feso a bayansa, gishiri ne ya fito don ruwa ya ƙafe, ɗigon mai da murza suna dawo da shi. A roba mai murfi yana yin watanni. Da kin ga fumfuna ko kin ji tsami, kwandon shara.

Gishirin shi ke hana shi lalacewa, shi ne kuma haɗarinsa. Ku lissafa: kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin ƙullin nan gishiri ne. Hukumar lafiya ta NHS ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2 na gishiri a yini, kuma cikin cokalin shayi na wannan ƙullin ya kai haka. Lasa ɗaya ba komai, ɗacin gishirin ma zai sa ya tofar. Amma in ya haɗiye dunƙule, ya kama amai ko ƙishirwa mai tsanani ko kasala, ki kira 111, layin neman shawarar lafiya na NHS. Yaron da komai baki yake kaiwa kuwa, kada ki ba shi wannan sam. Ki tuƙa masa ɗan tuwon shinkafa ko na semo ba gishiri, ya huce, ki shafa masa mai a tafi, ya dama son ransa, da yamma ki zubar.

Kada ki miƙa ƙulli ki koma kan waya, zai buga shi sau biyu ya gaji. Ki zauna ki yi naki a gefensa. Ku mulmula ƙwallaye kamar fura tsakanin tafuka biyu, sannan ƙanana kamar ƙwayar masara da kan yatsu uku kawai, wannan shi ne ainihin riƙon fensir. Ku murza shi ya yi tsawo kamar maciji, ya bi shi yana tsunkula daga kai har wutsiya. In ya haura shekara 3, ki binne manyan maɓallai 5 a ciki ya tono su. Ki ƙirga kafin, ki ƙirga bayan.

Yanzu shinkafa mai kala. Shinkafa kofi 1, ruwan khal cokalin shayi 1, kala ɗigo 8 zuwa 10, a leda mai zif, a girgiza. Ki baza a faranti kan takarda, ta yi awa 1 ko 2 kusa da hita. In kala tana fita a hannun yaro, ko ba ta gama bushewa ba ko ruwa ya yi yawa. Ki zuba a babban tire, ki ajiye kofuna biyu, ludayi, cokali da mazurari. Ɗiba da juyewa daga wannan kofi zuwa wancan ba sabon abu ba ne, yana cikin ayyukan da aka san tsarin Mariya Montessori da su, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907. Yau ana sayar da kayan katako da sunanta da tsadar gaske, alhali ludayi da ƙwarya sun isa. Ki shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙasa, musamman mai gidan haya da kafet, don kala in ta jiƙe ta kama kafet, daga kuɗin ajiyarki za a cire.

Wake fa? Jan waken nan babba mai kamar ƙoda, kada ki sa shi ɗanye a tire, yana da guba sai an tafasa shi sosai. Ƙananan ƙwayoyi kuma hanci da kunne suke shiga. Ga ma'aunin da nake so kowa ya riƙe don 'yan ƙasa da shekara 3: bututun da masu gwada kayan wasa suke amfani da shi faɗin bakinsa santimita 3 da ɗan ɗori ne. Ke ki yi amfani da kwalin tsakiyar takardar bayi, ya ɗan fi shi faɗi. Duk abin da ya zurma ciki bai dace da su ba. Sannan waɗancan ƙwallayen roba masu kumbura a ruwa, da ake tallarsu a TikTok kamar alewa, hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa a nesanta su da yara 'yan ƙasa da shekara 5, don in an haɗiye suna ci gaba da kumbura a hanji su toshe shi. Haka ƙananan maganaɗisu da batir mai kamar kwabo. In ana zargin yaro ya haɗiye ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti kai tsaye, ba jiran alama.

Bari in nuna muku wanda na fi so. Sitacin masara kofi 2, ruwa kofi 1. Duk wadda ta taɓa ɗiban kamu za ta gane shi: ki matsa da ƙarfi ya yi tauri, ki saki ya narke ya zubo ta tsakanin yatsu. Garin kwastad ma yana yi, don yawancinsa sitacin ne. In ya tsinke kamar madara ƙara gari, in ya ƙi motsi ƙara ruwa cokali-cokali. Akwai yaran da ba sa son abu mai danƙo ya taɓa su, har kuka suke. Kada ki kama hannunsa ki tsoma. Ki ba shi cokali, gobe yatsa ɗaya, da tsumma a kusa don ya san zai iya gogewa. Ko ki ɗura a leda mai zif, ki manne bakin da salatif, ya danna ta waje.

Zira makaroni a igiya, kowa ya sani, amma yawanci da igiyar ake farawa, ita kuma tana lanƙwashewa yaro ya fusata. Ki kafa tsinken shan lemo a dunƙulen ƙulli ya tsaya ƙyam, ya riƙa zira makaroni mai faɗin rami daga sama. In ya ƙware sai igiyar takalmi mai taurin baki, ki ɗaure makaroni ɗaya a ƙarshe don kada su zube ta baya. Igiyar ta zama gajera, kamar taƙi ɗaya, kuma ba a rataya ta a wuya. Maƙalin shanya kuma ya jera su a bakin kwano. Na katako yakan yi wa ɗan shekara 2 tauri, ki gwada da ƙaramin yatsanki da babban yatsa, in ya ba ki wuya shi ma zai ba shi. Hantsakin kicin, dunƙulen auduga da kwalin ƙwai: kowane rami auduga ɗaya.

Almakashi daga wajen shekara 2 da rabi zuwa 3, mai dakusasshen baki. Kada ki fara da takarda, tana lanƙwasa ta maƙale. Ki fara da macijin ƙullin nan, sai tsinken shan lemo, sai siririn kwali mai faɗin santimita 2 wanda datsa ɗaya ke raba shi. Babban yatsa yana sama kullum, ki zana masa 'yar fuska a farce ki ce fuskar nan ta kalli rufi. Bahago kuma a saya masa almakashin hagu, reza ɗin a juye suke. Da na dama ba ya ganin layin da yake bi, takardar ma taunewa take. Na san mu da maganar hagu. A koya masa ci da dama da miƙa abu da dama, wannan tarbiyyarmu ce, amma rubutu da yanka a bar shi da hannun da Allah ya ba shi ƙarfi a kai. Yawanci tsakanin shekara 2 da 4 ake gane wanda ya rinjaya. Jaririn da bai kai shekara 1 ba amma hannu ɗaya kaɗai yake miƙawa, ɗayan kullum a dunƙule, wannan a gaya wa likita. Sauran damuwa kuma ki rubuta a jan littafin nan na lafiyar yaro, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a dubawar da ake yi tsakanin shekara 2 da 2 da rabi.

In lokacin rubutu ya matso, ki manna takarda a bango ko jikin firji ya yi zane a tsaye, kafaɗa da wuyan hannu suke ƙarfi a haka. Ki kakkarya kalar zane ta zama guntaye kamar gaɓar yatsa, ba wurin dunƙulewa, dole yatsu uku su kama. Gishiri ko semo a baƙin faranti, siririn shimfiɗa da ake hango ƙasansa, ya ja alif da yatsa, ya ja ba, ya ja A, a girgiza ya goge kamar an wanke allo. Minti 10 zuwa 15 sun isa a zama ɗaya, da ya fara watsa shinkafa sama an tashi ke nan.

Wajen kwashewa, ruwan sitacin nan kada ki juye shi a wurin wanke-wanke, yana kwantawa a bututu ya toshe. Ki bar shi a faranti ya bushe, gobe ki kankare a shara. Ƙullin da ya maƙale a kafet shi ma kada ki sa masa ruwa, ki jira ya bushe ki goge da burushi mai tauri. Tsintar shinkafar da ta zube kuwa, ki miƙa wa mai wasan kofi ya tsince da kansa. Bari in ɗauko tsintsiya, sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.