Zarton Faifai Mai Batir: Yadda Ake Zaɓarsa da Yadda Ake Yanka da Shi

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Abin da kuke gani a kan teburin nan shi ne zarton faifai mai aiki da batir, wato inji mai juya faifan ƙarfe mai haƙora kimanin sau 4,000 zuwa 5,500 a cikin minti ɗaya. Ga wanda yake son haɗa kanta, ko benci, ko ƙaramin kabad da hannunsa a gida, da wuya a sami wani kayan aiki da zai rage masa wahala kamar wannan, sai dai kuma yana daga cikin waɗanda ba sa yi wa ganganci uzuri ko kaɗan.

Bari mu fara da saye. Shawarata ita ce a duba batir kafin a duba zarton kansa, domin kamfanoni irin su Makita, DeWalt, Bosch, Milwaukee da Ryobi kowanne da irin mazaunin batirinsa, kuma na wannan ba ya shiga injin wancan. Idan kuna da injin huda mai batir na wani kamfani, to zarton wannan kamfanin ne zai fi dacewa da ku, tunda za ku iya sayen gangar jikinsa kaɗai ku ci gaba da amfani da batir da cajar da kuke da su. Kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ku: batirin da aka rubuta wa folt 18 da wanda aka rubuta wa folt 20 a zahiri abu ɗaya ne, na farko an auna shi ne yana cikin aiki, na biyu kuma lokacin da ya cika da caji. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke gaban haruffan Ah, domin ita ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka. Zarto yana shan wuta sosai, saboda haka mai lamba 2 zai gaji da wuri, yayin da mai lamba 4 ko 5 zai kai ku ƙarshen aiki. Haka kuma injin da ba shi da burushin kabon a cikinsa ya fi tattalin caji, kuma bai cika yin zafi ba.

Sai girman faifai. Biyu ne suka fi yawa: mai faɗin milimita 165, da mai faɗin milimita 184 zuwa 190. Ƙaramin yana ratsa katako mai kaurin kusan milimita 55 idan faifan yana tsaye, amma da zarar an karkata shi zuwa digiri 45, zurfin yakan ragu zuwa wajen milimita 40. Babban yana wuce milimita 60. Ga aikin gida, inda yawanci ake fama da allon filawud mai kaurin milimita 18 da falankai marasa kauri sosai, ni ƙaramin na fi so, saboda rashin nauyinsa yana sa hannu ya mallake shi sosai. A ɗaga shi a ji yadda ya zauna a hannu, a duba ko faifan yana dama ne ko hagu, a tabbata ana hango layin yanka ba tare da an leƙa da kai ba. A kuma nemi mai burki, wanda faifansa ke tsayawa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an saki kunamar.

Amma kyawun yanka yana ga haƙoran faifai ne. Faifai mai haƙora 24 yana cin katako da sauri, kuma shi ya dace da tsaga falanki ta tsawonsa, sai dai yana barin baki da kaushi. Mai haƙora 40 zuwa 60 yana tafiya a hankali, yana kuma barin baki sumul, don haka shi ake ɗaurawa idan za a yanka a gicciye ko za a yanka filawud. Siririn faifai ya fi dacewa da injin batir, domin katakon da yake mayarwa gari kaɗan ne, wutar da yake ja ma kaɗan ce. Ramin tsakiyar faifai ya bambanta daga inji zuwa inji, don haka a duba littafin zarton kafin a saya. Lokacin sauya faifai, a fara cire batir tukuna, sannan a tabbata kibiyar da ke jikin faifan ta fuskanci inda kibiyar jikin murfin da ke rufe faifan ta fuskanta.

Yanzu ku lura da hannuna. Batir yana cire, na ɗora tafin zarton, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙasansa, a gefen katako, na sassauta maƙullin zurfi, na saukar da faifan har sai da haƙorinsa ya leƙo ƙasan katakon da abin da bai kai tsawon haƙori ɗaya ba, wato kamar milimita 3 zuwa 6. Duk abin da ya wuce haka ƙarin haɗari ne kawai.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin da yawa daga cikin munanan raunukan da zarton nan ke jawowa daga abu guda suke fitowa, wato harbin baya. Idan tsagar da ake yankawa ta rufe ta matse faifan, haƙoran baya sai su kama katako, ƙarfin injin kuma ya tunkuɗo zarton gaba ɗaya zuwa wajen mai riƙe da shi, cikin saurin da babu hannun da zai iya tarewa. Abin da ya fi haddasa wannan shi ne yadda aka ɗora katakon. Idan kuka ɗora falanki a kan madogara biyu, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, kuka yanka a tsakiya, to yayin da yankan ke kusantar ƙarshe ɓangarorin biyu za su lotsa ciki su danne faifan. Abin da ya dace shi ne a tallafi ɓangaren da ake so a madogara biyun, a matse shi da abin matsewa, a bar guntun da za a cire yana rataye a waje domin ya faɗi da kansa. Shi kuwa babban allon filawud, gara a shimfiɗa shi a ƙasa bisa faffaɗan soso mai tauri ko bisa sandunan katako da yawa, ta yadda ko'ina zai sami tallafi kafin yanka da bayansa. Ɗanyen katako, da murɗaɗɗe, da mai tsofaffin ƙusoshi a ciki, da faifan da ya dakushe, duk suna ƙara yiwuwar wannan harbi. Kada ku tsaya daidai bayan faifan. Ku ɗan goce gefe, hannuwanku biyu a kan zarton. Murfin kariya na ƙasa, wanda ke janyewa da kansa idan an fara yanka ya kuma koma idan an gama, kada a kuskura a ɗaure shi ko a cire shi, ko da ana ganin yana kawo cikas.

Wajen yankan kansa, a sa fuskar katakon da ake so ta fito da kyau ta kalli ƙasa, saboda haƙoran suna shiga ne ta ƙasa su fito ta sama, kuma inda suka fito nan ne ke tsattsagewa. A ja layi, a sa faifan ya bi gefen layin ta ɓangaren guntun da za a zubar, in ba haka ba kaurin faifan zai cinye muku kusan milimita 2 daga awonku. Don samun miƙaƙƙen yanka, a auna tazarar da ke tsakanin gefen tafin zarton da faifan, a matse miƙaƙƙen katako a kan aikin da wannan tazara, sai tafin ya bi jikinsa. A kunna injin faifan bai taɓa katako ba, a bari ya kai cikakken gudu, sannan a tura a hankali. Kunnenku zai gaya muku gaskiya: idan ƙarar injin ta fara nauyi, turin ya yi yawa. Idan kuka kauce daga layi, kada ku murɗa zarton don ku dawo. Ku saki kunamar, ku jira faifan ya tsaya cik, ku ja da baya ku sake farawa.

Tabarau na kariya wajibi ne, haka ma abin toshe kunne, domin ƙarar zarton tana wuce matakin da ke lalata ji. Ƙurar katako ma ba abin rainawa ba ce, tana cutar da hanci da huhu idan aka daɗe ana shaƙa, don haka a sa takunkumi, a yi aiki inda iska ke wucewa, a kuma naɗe hannun riga mai faɗi.

Idan an kammala, a jira faifan ya tsaya, a duba murfin ya rufe kafin a ajiye zarton, sannan a cire batirin a adana shi a wuri mai sanyi wanda rana ba ta dukansa, nesa da ƙusoshi da sauran ƙarafa da za su iya taɓa bakinsa, kuma inda hannun yara ba zai kai ba.