Sakamakon gwajin sikila ya fito: yaya za a faɗa wa masoya?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Anti Hauwa, tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, dole masu shirin aure a Kano su san nau'in jininsu na gado (genotype), kamar AA, AS ko SS. Abin da ke damuna shi ne yadda ake miƙa musu takardar.

Hauwa: Ai ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, Bashir. Saurayi AS, budurwa AS, sai a leƙo ta taga a ce "jininku bai haɗu ba", shi ke nan, na gaba ya matso. Yarinya ta koma gida tana kuka, ta ɗauka ciwo gare ta, alhali mai AS ƙwayar gadon kawai take ɗauke da ita, mai SS ce mai sikila.

Bashir: To ke da kike aikin jinya, ta ina kike farawa?

Hauwa: Da rufe ƙofa. Ba a gaban surukai ba, ba a kan layin jira ba. In zaunar da su, in tambaye su me suka sani game da amosanin jini, wato sikila. Sannan in nuna musu cewa uwa da uba kowa rabin abin da yaro ke gada yake bayarwa, don kada gobe dangin miji su ɗora wa matar laifi.

Bashir: Ni dai lissafin "ɗaya cikin huɗu" ne na ga yana ruɗa mutane. Wani zai ce to mu haifi uku mu tsaya.

Hauwa: Nan ne babban aikin! Ina ajiye wake huɗu a kofi, uku farare, ɗaya ja. In ce ango ya rufe ido ya ɗauko, ya mayar, in girgiza, ya sake. Wani lokacin jan ya fito sau biyu a jere. In AS ya auri AS, kowane ciki da nasa lissafin, kashi 25 cikin 100 zai iya zuwa SS, ko na fari ne ko auta.

Bashir: In suka ce ki zaɓa musu fa?

Hauwa: Ba hurumina ba ne. Zan faɗa musu gaskiyar rainon mai sikila, ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwanan asibiti, da kuma kulawar da ke sauƙaƙa shi. Sai in ce su maimaita min da bakinsu abin da suka fahimta.

Bashir: Gwajin kansa yana kuskure?

Hauwa: Yana yi. Shi ya sa nake tambaya ko an yi wa mutum ƙarin jini a watanni ukun da suka wuce, don jinin wani yana iya ɓoye nasa. In an yi, sai ya jira a sake gwajin kafin a tsayar da magana.