"Ba a Ga Komai Ba" Ba Sakamakon Gwajin Ruwa Ba Ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Kwanan baya wani mai faɗa a ji ya tashi a gaban mutanen da ke zaune kusa da injinan niƙa dutsen zinari a jihar Kogin Nilu ta ƙasar Sudan, ya ce su kwantar da hankalinsu, an gwada ruwan rijiyoyinsu, ba a ga komai ba. Aka tafa masa. Ni abin haushi ya ba ni. Ba a ga komai ba da wace na'ura? Iyakar ganinta nawa ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada zaiba ta wuce maikrogiram 6 a litar ruwan sha, dalma kuma kada ta wuce 10. Wato giram 6 na zaiba a lita miliyan guda. Ruwan da ya ninka wannan sau goma zai fito garau a randa, ba wari, ba ɗaci. Tsohuwar na'urar da ke ƙona ruwan gwaji a harshen wuta don auna ƙarfe, da kyar take hango dalma a wannan mataki. Ita kuwa zaiba, idan aka ɗebo ruwa a gorar roba daga garin Abu Hamad na wannan jiha cikin wannan zafi ba a sa masa maganin tsarewa ba, kafin a isa ɗakin gwaji wata ta manne a jikin gora, wata ta bi iska. Sai a buga hatimi: ba a ga komai ba!

Alhali dabarar ba sabuwa ba ce. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin roba, ƙanana kamar tsabar gero, da ake kira rezin. Masana sinadarai suna dasa musu wasu mahaɗai masu cafke ƙarfe su riƙe. Irin su Chelex 100 suna kama dalma da jan ƙarfe da kadmiyam, su bar yawancin gishirin ruwa ya wuce. Tun 1968 wasu masana, Riley da Taylor, suka yi aiki da ita wajen tattaro ƙarafa daga ruwan teku. Rezin ɗin da aka dasa wa sinadarin farar wuta kuma shi ne gwanin kama zaiba. A cusa su cikin siririn bututu, a bi da lita guda ta ruwan rijiya a hankali, nan bakin rijiyar. Daga baya a wanko abin da suka kama da asid mililita 10. Gubar da ta watsu cikin lita ta taru wuri guda, ta ninku sau 100. Na'urar da ta makance ɗazu, yanzu sai ta gani.

Wasu za su ce, Malam, tun Afrilun 2023 ƙasa na cikin yaƙi, wa yake ta ɗigon ƙarfe a ruwa? To yaƙin ya tsayar da haƙar zinari ne? Dahhaba, wato masu haƙar zinari na gargajiya, na nan suna murza zaiba da hannu, tulin karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutsen da aka ciri zinari, na nan a fili, ruwan sama na wanke shi. Gwamnati ta haramta zaiba da sayanaid a haƙar ma'adinai tun 2019, bayan boren mutanen garin Talodi da ke Kudancin Kordofan. Ku je kasuwar zinari ku ga ko haramcin ya isa can. Kuma samarinmu nawa ne daga Mai Wurno da Gadarif, garuruwan da mutanenmu ke zaune a Sudan, ke cikin ramukan haƙar zinari? Mu da muka ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, ta kashe yara sama da 400, mu ne za a lallashe da baki?

Ban ce rezin zai tsarkake Nilu ba. Yana cika ya daina kamawa, asid ɗin da aka wanke shi da shi ya zama guba sai an san inda za a kai shi, kuma zaibar da ta riga ta shiga naman kifi, irin wadda ta nakasa mutanen Minamata a Japan, gwajinta daban ne. Amma wajen sanin abin da ke cikin rijiya, babu uzuri.

Saboda haka duk wanda ya sake zuwa ya ce muku ba a ga komai ba, ku ce ya kawo takarda. A ina aka ɗebi ruwan, yaushe, an tattara ƙarfen kafin a auna ko ba a tattara ba, kuma maikrogiram nawa aka samu a lita. Lamba muke so, ranka ya daɗe, lamba.