Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Shafukan Labarin Ƙwallo Suka Faro, Kuma Yaya Suke Aiki?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga shafukan intanet na labarin ƙwallon ƙafa. Ta farko daga wani mai sauraro ce, yana cewa: shin wane shafi ne ya fara wannan harka, kuma da can ta ina masoya ƙwallo ke samun sakamako?

To malam, kafin intanet, mai son sakamako ko dai ya kasa kunne ga rediyo, ko ya jira jaridar gobe. A Birtaniya akwai hanya ta uku, wato Ceefax, rubutattun shafuka da BBC ta fara sakawa a talabijin a 1974. Shafi na 302 shi ne na ƙwallo, kuma sai a 2012 aka rufe tsarin. Cikin shafukan intanet na farko-farko da suka yi suna akwai Soccernet, wanda Greg Hadfield da ɗansa Tom, yaro ɗan shekara 12, suka kafa a Ingila a 1995. Abin da ke ciki bai wuce sakamako da teburin gasa da gajerun rahotanni ba, domin layin intanet na lokacin ta wayar tarho yake bi, hoto ɗaya ma sai an yi haƙuri kafin ya buɗe. Amma ga ɗan Ingila mazaunin Amurka ko Ostareliya, wanda ba ya kama Ceefax, wannan ɗan abin ya wadatar. A 1999 shafin ya koma hannun Disney, mai tashar ESPN, a 2012 kuma aka sauya masa suna zuwa ESPN FC.

Waɗanda suka biyo baya kowa ya kama ɓangarensa. LiveScore, a 1998, ya tsaya kan sakamako kai tsaye. Transfermarkt, wanda Matthias Seidel ya kafa a Jamus a 2000, ya rungumi cinikin 'yan wasa. Goal ya zo a 2004 da dabarar wallafa labari cikin harsuna da yawa. Bayan fitowar Twitter a 2006 da iPhone a 2007, mai karatu ya bar kwamfuta ya koma waya, dole shafukan suka rage tsawon kanun labarai suka ƙirƙiro manhajoji.

Wata baiwar Allah kuma ta rubuto tana cewa wayarta kan sanar da ita an ci ƙwallo tun kafin ta gani a wasan da take kallo ta intanet, wani lokaci kuma a sanar sannan a janye. Me ke kawo haka?

Malama, yawancin shafukan nan ba su da wakili a kowane fili. Sayen bayanan suke yi daga kamfanonin tattara alƙaluma, irin su Opta da aka kafa a 1996, wanda tun 2019 yake ƙarƙashin Stats Perform. A manyan wasanni akan sa mutum ɗaya ya bi ƙungiyar gida, ɗaya ya bi baƙi, na uku yana duba aikinsu. Duk wanda ya taɓa ƙwallo sai an shigar da sunansa, da inda yake a fili, da mintin da abin ya faru. A wasa ɗaya abin da ake shigarwa ya kan haura dubu. Da zarar an danna cewa ƙwallo ta shiga raga, saƙon zai tafi kwamfutocin kamfanin, daga nan zuwa na shafin, sannan wayarki. 'Yan haruffa ne kawai, shi ya sa cikin daƙiƙu kaɗan ya iso. Shi kuwa bidiyo sai an matse shi, an yayyanka shi gutsure-gutsure, wayarki ta tara wasu a ajiye don kada hoton ya riƙa tsayawa. Wannan ne ke sa ya makara da rabin minti, wani lokaci fiye.

Janyewar kuwa, galibi na'urar VAR ce sila, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa ya sake duba hukunci, wadda aka yi amfani da ita a gasar cin kofin duniya ta 2018, Firimiya kuma ta karɓe ta a kakar 2019/2020. Saƙo ya riga ya fita, sai alƙalin wasa ya soke ƙwallon saboda satar gida ko taɓawa da hannu. A ganinmu shafin da ke rubuta cewa ana duba ƙwallon ya fi wanda ke rige-rigen sanarwa mutunta mai karatu. Akwai kuma matsalar tsohon shafi: don kada cunkoso ya durƙusar da su, shafukan kan ajiye kwafi a kwamfutoci daban-daban a faɗin duniya. Idan aka tsawaita lokacin sabunta kwafin, sai ki ga 1-0 alhali an riga an rama. Haka sunan wanda ya ci kan canza bayan an tashi, idan aka sake duba hoton aka ga ɗan baya ne ya ci gidansu.

Wani kuma yana tambaya ko kuɗin da Transfermarkt ke rubutawa gaban sunan ɗan wasa shi ne farashinsa. A'a. Ƙiyasi ne da masu bibiyar shafin ke tattaunawa a kai, sannan masu kula da shi su yanke, bisa shekarun ɗan wasa da ƙwazonsa da sauran wa'adin kwantiraginsa. Farashin gaskiya sai ƙungiyoyi biyu sun zauna ciniki.

Wasiƙa ta ƙarshe: tun da kyauta muke karantawa, da me suke biyan ma'aikata, kuma me ya sa jita-jita ta yi yawa?

Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. Shafin kyauta da talla yake rayuwa, kuɗin talla kuma ana lissafa shi ne bisa yawan buɗe shafi. Rahoton da ɗan jarida ya kwana uku yana tantancewa da jita-jitar da aka kwafo cikin minti goma duk buɗewa ɗaya ake ƙirga musu, to ka ga inda mai neman riba zai karkata, musamman a Janairu da lokacin hutun kaka da kasuwar 'yan wasa ke ci. Shafin wasanni na The Athletic, da aka kafa a Amurka a 2016 ya shiga Birtaniya a 2019, ya gwada wata hanyar: mai karatu ya biya kuɗin wata ko na shekara. Jaridar New York Times ta saye shi a 2022 kan dala miliyan 550.

Idan ka ga labarin ciniki, duba ko akwai sunan wanda ya rubuta, ko shafin ya faɗi inda ya samo, sannan ka bi sawun har jaridar da ta fara bugawa. Sau da yawa shafuka goma majiyarsu ɗaya ce. Ciniki bai tabbata ba sai an gwada lafiyar ɗan wasa, ya sa hannu, ƙungiyar ta sanar a shafinta.