Idan Aljihu Ya Bushe, Wa Ke Fara Barin Aji?

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

A duk ƙasar da tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, akwai asarar da ba a cika jin ta a labarai ba. Ana sanar da faɗuwar darajar kuɗi, ana sanar da tashin farashi, amma ba mai sanar da ranar da uba ya ce wa 'yarsa, "Ki ɗan zauna a gida wannan zangon, in abubuwa sun daidaita kya koma." Sau da yawa daga nan karatun ya ƙare.

A takarda dai magana ta ƙare tun 1948, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta a sashe na 26 na kundin haƙƙin ɗan Adam cewa karatun firamare kyauta ne, kuma dole. To amma iyaye sun san nauyin wannan kyauta. Akwai kayan makaranta, akwai littattafai, ga kuɗin mota, ga na jarrabawa, sannan ga abin da yaro zai sa a cikinsa kafin ya fahimci abin da ke kan allo. Mai 'ya'ya biyar sai ya koma zaɓe: wa zai ci gaba, wa zai jira. Galibi 'ya mace ce ke jira.

Kada kuma wani ya ce talaka ne ba ya son karatu. Da Uganda ta soke kuɗin firamare a 1997, Kenya kuma a 2003, tururuwa yara suka yi har azuzuwa suka kasa ɗauka. A Kenya kaɗai sama da yara miliyan ɗaya suka ƙaru. Ashe kuɗi ne ya tsare su a gida.

Wanda ya samu ya zauna a ajin ma, wa zai koya masa? Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, hankalinsa na wajen neman na cefane. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane.

Gwamnatoci kan ce babu kuɗi, kuma da ƙamshin gaskiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna mutum biliyan 3.3 na zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da ake kashewa kan ilimi ko lafiya. Sai dai a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, a 2015, ƙasashe da bakinsu suka amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da suke kashewa. Mai bin bashi yana da wakili a teburin kasafi, shi ya sa ake fara sallamarsa. Yarinyar da aka ce ta jira zango ɗaya kuwa, babu wanda ya je can da sunanta.