Me Ke Sa Kiɗan Lo-fi Ya Kwanta a Kunne?

Wannan yarinya ta zane da kuke gani zaune a bakin taga, tana rubutu da na'urar sauraro a kunnenta, ga kyanwarta a gefe, ita ce fuskar tashar Lofi Girl ta YouTube, wadda wani Bafaranshe ya buɗe da sunan ChilledCow, kuma tun shekarar 2017 take watsa kiɗa dare da rana ga ɗalibai da ma'aikata. Tun da wannan salo na kiɗa mai laushi da ake kira lo-fi ya yaɗu, mutane da yawa suka ɗauka cewa sirrinsa yana cikin ƙarar tsohon faifan garmaho da shuuu irin na kaset, har ya kai ga kowa ya samu kiɗa sai ya rage masa gudu, ya yayyafa masa wannan ƙara, ya kira shi lo-fi. Ku saurari wannan da aka haɗa ta wannan hanya. Ƙarar tana nan, amma kanku bai motsa ba.

Sauran kayan haɗin ba su da wuyar fahimta. Gudun kiɗan yakan tsaya tsakanin bugu 70 zuwa 90 a minti ɗaya, ana gutsuro sautin fiyano ko jita, sau da yawa daga tsofaffin faya-fayan jaz, a riƙa maimaita shi, sannan a dushe sautuka masu kaifi domin kada su soki kunne. Duk wannan mai kwamfuta zai iya koyonsa cikin yini guda.

Inda ake tuntuɓe shi ne lokacin da kowace ganga take faɗuwa. Ku dubi waɗannan layuka da ke kan allo. Manhajar haɗa kiɗa tana raba lokaci gida-gida daidai wa daida, kuma idan makaɗi ya buga kafin layi ko bayansa, sai ta janyo bugun ta ɗora shi a kan layin. Idan kiɗa yana tafiya bugu 80 a minti, kowane bugu yana cin kashi 750 cikin dubu na sakan ɗaya, idan kuma aka raba shi huɗu, kowane ƙaramin gida ya zama kusan 188. Yanzu ku lura da abin da zai faru idan muka jinkirta kowane gida na biyu da kashi 30 kacal cikin dubu na sakan. Ido ba zai iya ganin wannan jinkiri a hannun makaɗi ba, amma wuya ya riga ya ji shi, shi ya sa kanku ya fara gyaɗawa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan: taɓaren ba sa sauka kamar agogo, wata tana ɗan jira, wata tana ɗan riga, kuma a cikin wannan 'yar tazara daɗin yake.

Na'urar haɗa kiɗan da ke gabanku ita ce MPC ta kamfanin Akai na ƙasar Japan, wadda Roger Linn ya tsara, ta fara fitowa a 1988, kuma tana da ma'aunin da ke yin wannan jinkiri da kanta. Sai dai jinkirin na'ura iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wanda ya karya wannan ƙa'ida shi ne James Yancey, wanda aka fi sani da J Dilla, mai haɗa kiɗa, mutumin Detroit a Amurka. An yawaita cewa kashe gyaran da na'urar ke yi na janyo bugu kan layi kawai ya yi ya buga da yatsunsa, amma abin ya fi haka zurfi, domin yakan bar farantan ƙarfen da ake kaɗawa tare da ganga suna tafiya a kan layi, ya sa ƙaramar ganga ta ɗan riga lokacinta, babbar kuma ta zo a makare, sai ya zama agogo biyu ko uku suna ja-in-ja a cikin kiɗa ɗaya ba tare da ya watse ba. A ra'ayina, mafi yawan masu kwaikwayonsa a yau sun ɗauki ɗingishin sun bar lissafin, shi ya sa nasu yake kama da tafiyar mai jin barci.

J Dilla ya rasu a watan Fabrairun 2006 yana da shekara 32, kuma na'urarsa tana ajiye a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washinton. A birnin Tokiyo kuma Jun Seba, wato Nujabes, shi ne ya lulluɓe irin wannan ganga da laushin jaz kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 2010, kuma waɗannan biyun ake yawan ambata a matsayin tushen salon.

Yanzu za mu cire ƙarar faifan gaba ɗaya, mu bar gangar kaɗai da jinkirinta. Ku sa yatsa a kan tebur ku riƙa bugawa daidai, ku ji inda ƙaramar gangar take riga ku sauka.