Rayuwa da huhu ɗaya: matsalolin da kan biyo bayan tiyata

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina? Toh madalla.

An ce in yi magana kan wanda aka cire wa huhu guda ɗungurungum, ko saboda ciwon kansa, wato ciwon daji, ko tarin fuka da ya cinye huhun, ko mummunan rauni. Bari in fara da wani labari don hankalinku ya kwanta. A 1933 wani likita a Amurka, Evarts Graham, ya cire wa wani mai ciwon kansa huhu guda a tiyata ɗaya kuma aka dace, majinyacin ma likita ne, James Gilmore. Shi Graham ɗin ya rasu a 1957, kuma kansar huhu ce ajalinsa, wanda ya yi wa aikin kuwa yana nan da ransa a lokacin. Don haka ana rayuwa da huhu ɗaya, shekara da shekaru ma. Amma fa sai an san abin da za a sa wa ido.

Farko dai, gurbin da aka cire huhun ba ya zama fayau. A hankali ruwa ke taruwa ya cike shi cikin makonni zuwa watanni, zuciya ta ɗan karkato wajen, haƙarƙarin gefen ya ɗan matse. Shi ya sa in aka ɗauki hoton ƙirji sai a ga gefe guda fari fat, kuma na sha ganin 'yan uwa sun ɗaga hoton nan hankali a tashe suna cewa ciwon ya dawo. Ba dawowa ya yi ba, haka ake so ya zama. Kawai duk asibitin da kuka shiga, tun kafin a taɓa ku, ku ce huhu ɗaya gare ni kuma gefe kaza aka cire.

Kwana biyu ukun farko abin da ya fi damunmu shi ne zuciya, sai bugunta ya rikice, tana sauri ba tsari. Yana yawan faruwa bayan irin wannan aikin kuma akwai magani. Sai ƙarin ruwa, za ku ga nas tana ƙididdige ruwan da ake sa wa mutum kamar mai rowa, dan Allah kar a yi faɗa da ita, huhu ɗaya ne yanzu yake karɓar duk jinin da biyu suke rabawa, in ruwa ya yi yawa shi zai jiƙe.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Bututun iskan da ke shiga huhun da aka cire, yanke shi ake yi a rufe bakin. Wani lokacin rufin nan yana buɗewa, mu muna ce masa fistula, kalmar da kuke ji a yoyon fitsari ce, ma'anarta dai kafa ta buɗe inda bai kamata ba. An fi ganinsa in na dama aka cire, haka ga mai ciwon suga ko wanda jikinsa ya rame sosai. Kun tuna ruwan nan da na ce ya cika gurbin? Toh yanzu ya samu hanya, zai biyo bututun ya gangara cikin huhun mai lafiya, wanda shi kenan gare ka. Alamarsa mutum yana zaune lafiya sai tari ya sarƙe shi, yana fitar da ruwa tsararo mai yawa, ja-ja ko ruwan ƙasa, ga haki, wani lokacin ga zazzaɓi. Abin da za a yi nan take: a kwantar da shi kan gefen da aka yi aikin, gefen ɗinki a ƙasa, huhu mai lafiya a sama, a ɗan ɗaga kansa, a tafi asibiti a haka. Na san tausayi zai sa a ce kar a danne ciwo, a juya shi ɗaya gefen. Wallahi wannan tausayin cuta ne. Kuma ba a jiran gari ya waye.

Ɗan uwan wannan matsala shi ne mugunya ta taru a gurbin, wannan yana iya zuwa bayan watanni, har shekaru. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ba cin abinci, ana ramewa. Ƙwayar magani kaɗai ba ta isa, sai an sa roba an zuƙe, wani ma sai an buɗe 'yar taga a gefen ƙirji ana wankewa ana canja bandeji na tsawon lokaci. Yana da gajiyarwa, ba zan ɓoye muku ba, mai jinya ma sai ya yi haƙuri, amma ana warkewa a rufe.

Murya kuma, musamman in na hagu aka cire, akwai jijiyar maƙogaro da ke zagayowa ta cikin ƙirji, in ta taɓu sai murya ta dishe. Dishewar ba ita ce damuwata ba, ƙwarewa ce, in yana shan ruwa yana ƙwarewa a faɗa wa likita da wuri.

Ciwon wajen ɗinki kan daɗe, wani kamar wuta wani kamar ana tsira allura, jijiyoyin tsakanin haƙarƙari ne. Masu cewa ni namiji ne ba na shan maganin ciwo, toh wanda ke jin zafi ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, majina ta kwanta, sai limoniya. Sha maganinka, rungume filo a ƙirji ka yi tarin. Ka tashi ka taka kullum ko 'yar kaɗan ce, yana hana jini daskarewa a ƙafa, kuma in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo wannan ma asibiti ne. Ja iska ta hanci, saki a hankali ta baki kamar mai hura abu mai zafi. Kafaɗar gefen a riƙa ɗaga ta kar ta sandare. Sigari kam an gama, har hayaƙin na kusa da kai. Rigakafin mura da na limoniya a tambaya a yi.

Na'am Hajiya, ɗaga murya kaɗan. Tana cewa maigidanta tun da aka sallame shi ya daina magana, ba ya barci, ko ɗan haki ya ji sai ya ce tafiya ce ta zo. Hajiya wannan yana da yawa, kuma shi tsoron ma yana ƙara hakin. Ki lura, hakin da ke zuwa in ya motsa ya kuma lafa in ya huta, wannan na huhu ɗaya ne, zai ragu da watanni. Wanda ya zo farat ɗaya yana zaune, ko yake ƙaruwa kullum, ko numfashin ya fara ƙara kamar ana fito, shi ne na gudu asibiti. Ranar komawa ganin likita ki shiga tare da shi ki faɗi maganar rashin barcin da bakinki, don shi ba zai faɗa ba. Akwai wata tambayar? Malam na can gefe, bismillah.